Kaskon Da Na Goge

Alhamis, 18 ga Fabrairu, 1965. Bayan la'asar.

Hedimasta ya ba ni hutun mako biyu ban roƙa ba. Ya ce, "Malam Maiwada, tafi ka ji da gida, 'yan aji bakwai ba guduwa za su yi ba." Wannan littafin shirin darasi ne, rabinsa fari fat. A nan zan riƙa zuba abin da ba ni da wanda zan gaya wa.

Yau kwana uku ke nan wana, Labo, yana asibiti a Funtuwa. An naɗe shi da bandeji tun daga goshi har cibiya, an bar masa baki da ƙofar hanci. Likita ya ce a jira. Abin da ya ce ke nan jiya ma.

Matarsa Hansai tana zaune a barandar asibitin. Na kai mata fura, ta karɓa ta ajiye a ƙasa, ba ta ɗago ba. Shekara ashirin matar nan tana tsokanata da wasan ƙanen miji. In ta hango ni daga nesa sai ta ɗaga murya, "Ga Mai Alli nan, ku ɓoye bangonku!" Yau ko sannu.

Ban shiga wurinsa ba. A taga na tsaya.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Talata ba.

Juma'a, 19 ga Fabrairu. Da hantsi.

Na je fadama, inda Yaya ke dafa ruwan rake yana yin mazarƙwaila. Komai na nan yadda aka watse aka bar shi. Murhu ya huce. Sabon kasko yana kai, abin da ya rage a ciki ya daskare ya yi baƙi, ƙudan zuma sun rufe shi. A ƙasa, ta gefen da yake tsayawa, mazarƙwaila ta malala ta bushe har taku uku daga murhu. Ludayinsa mai dogon hannu yana can gefe. Takalminsa ɗaya ya manne, na ja, ya ƙi fita. Na bar shi.

Tsohon kaskon yana gindin mangwaro a kife, inda ni da kaina na sa aka kife shi.

Shekara goma sha takwas Yaya yana dafuwa a cikin tsohon nan. Baba Sanda maƙeri ne ya ƙera masa shi da ƙarfen duro, gindinsa duk sawun guduma, tudu da kwari kamar bayan kwaɗo. Ni kuwa tun ina kwalejin horon malamai nake jin kunyar kaskon nan. Na sa a raina cewa abu mai santsi shi ne na zamani, zafi zai ratsa shi ba cikas, kaushi kuwa datti kawai yake tarawa. Ba a wani littafi na karanta haka ba. Gani na yi ya kamata ya zama haka, sai na riƙa faɗa kamar a littafi yake.

Da kaka na sa masu walda na bakin tashar jirgi a Funtuwa suka yanka mini sabo. Asabar uku ina goge cikinsa da yashi da sanfefa, sai da na ga fuskata a ciki na ƙyale shi. Washegarin ƙaramar salla na ɗora shi a amalanke na kai fadama, ga masu saran rake, ga 'yan sari daga Malumfashi, kowa na kallo.

Yaya ya shafa cikinsa da tafin hannu, ya daɗe yana shafawa. Ya ce, "Kai Maiwada, wannan ai madubin amarya ne."

Aka yi dariya.

Ya ce, "Ruwa ba ya son santsi. Yana son abin da zai taka ya tashi. In bai samu ba sai ya kwanta ya yi ta cin wuta, sa'ad da zai tashi kuwa ba ya sallama."

Na ce da ƙarfi, don kowa ya ji, "Yaya, ruwa ba shi da ƙafa. Wannan zancen mutanen da ne."

Ya dube ni. Ya ce, "To, Malam ya faɗa."

Bai taɓa kirana Malam ba sai ran nan.

Asabar, 20 ga Fabrairu. Magariba.

Funtuwa. Taga. Likita ya ce a jira.

Lahadi, 21 ga Fabrairu. Azahar.

Na ɗauko ma'aunin zafi daga akwatin kimiyya na makaranta, da agogon tebur. Na yanka garwar kananzir biyu na yi 'yan kasake biyu, faɗi ɗaya, zurfi ɗaya. Guda na bar shi sumul. Guda na bubbuga gindinsa da kan guduma har ya yi tudu da kwari irin na Yaya.

Matata Sakinatu ta tsaya a ƙofar madafi tana kallona. Can ta ce, "Malam, mutum na kwance rai a hannun Allah, kai kana wasan gwangwani?"

Na ce, "Ba wasa ba ne."

"To mene ne?"

"So nake in sani."

"In ka sani fatar za ta dawo?"

Ta shiga ɗaki ta fito mini da risho, ta cika shi da kananzir, ta ajiye a gabana ta koma.

Abu ɗaya nake so in sani. Kaskon ne, ko ba kaskon ba ne.

Talata, 23 ga Fabrairu. Da safe.

Mako guda.

Kwalba biyu na ruwan rijiya a kowane kasko. Risho ɗaya, lagwani ban taɓa shi ba tun daga farko har ƙarshe. Na auna daga ɗorawa zuwa tafasa, sau biyar jiya, sau biyar yau.

Mai santsi, minti goma sha huɗu. Mai kaushi, minti goma sha huɗu. Wani zubin wannan ya riga da rabin minti, wani zubin wancan. Babu bambanci. Babu.

Na yi sujada a tsakar gida. Allah Ya gafarta mini, na ci tuwo malmala biyu, rabona da cin abinci haka tun ran nan. Ba kaskon ba ne. Tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Da tsohon ne a kan wuta da haka ɗin za a yi.

Ran nan dai. Bayan la'asar.

Na hau keke na nufi Funtuwa da takardar awon a aljihu. Na tarar da Hansai inda na bar ta. Na durƙusa na ce, "Hansai, na auna. Sau goma na auna. Ba kaskon ba ne."

Yau ta dube ni. Gara ma da ba ta duba ba.

Ta ce, "Wa ya tambaye ka?"

Daidai nan nas-nas suka fara warware wa Yaya bandeji a ciki. Na ji muryarsa. Mutumin da kunama ta harba a gona yana dariya, wanda sa ya taka wa ƙafa bai ce wash ba. Na ji muryarsa.

Na tura keke har bayan gari kafin na tuna hawansa ake yi.

Laraba, 24 ga Fabrairu. Ƙarfe biyar na yamma.

Tsofaffin unguwarmu sun ce iskokin murhu ne suka yi fushi. Kowace shekara Yaya yakan yanka jan zakara a kan tsohon kasko kafin a fara dafuwa, bana kuwa aka kife shi kamar ƙwaryar da ta fashe. Abokaina na masallaci a Bakori suka ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Ba wanda ya ambaci sunana, can ko nan. In na iso wuri sai hira ta koma ta farashin auduga. Da zagina suka yi da na fi samun sauƙi.

Ina da shekara shida ubanmu ya rasu. Da aka zo neman yaro ɗaya daga gidanmu don makarantar boko, tsofaffi suka ce a ɓoye ni a rumbu. Yaya ya ce a'a. Ya ɗora ni a wuya, mil huɗu har Bakori, ina kuka ina jan gashinsa. Da na musulunta a makaranta, aka ce ya kore ni, na bar hanyar kakanni. Ya ce, "Hanya biyu ce, gida ɗaya." Duk azumin da ya wuce ban ga ƙoƙon giya a hannunsa ba in ina wurin, bayan rumbu yake zagayawa kamar shi ne ƙanen.

Ba kaskon ba ne. Na auna.

Juma'a, 26 ga Fabrairu. Bayan an sauko daga masallaci.

Na biya maƙerar Baba Sanda. Ban san abin da ya kai ni ba. Wataƙila so nake wani ya ce mini e.

Yana gyaran garma. Na gaishe shi, na miƙa masa takardar. Ya ce, "Ɗan Marka, yaushe na fara karatu? Faɗa mini da baki." Shi kaɗai ya rage mai kirana da sunan uwata.

Na faɗa masa duka. Ya saurara yana juya ƙarfe a wuta. Da na gama ya ce, "A kan wace wuta ka auna?"

Na ce, "Risho."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Wutar shayi. A wutar shayi ruwa tafiyar tsohuwa yake yi, ba ruwansa da abin da ke ƙarƙashinsa, santsi ne ko kaushi. Murhun Labo fa? Busasshiyar tukar rake ake cusa masa, wutar har gurnani take. Nan ne ruwa ke gudu, mai gudu kuwa shi ya san bambancin tsakuwa da daɓe. Je ka auna a wutar maza, sa'an nan ka zo mu yi magana."

Na ce, "Ashe ke nan duk abin da ya fi kaushi ya fi kyau?"

Ya ce, "Wa ya gaya maka? In ka matse sawun, ya yi zurfi, sai ruwa ya maƙale a ramukan ya ƙi motsi, ya zama bargo tsakanin wuta da sauran. Wannan gara santsi da shi. Tsakanin tudu da tudu, sai yatsa ya shige. Haka ubana ya nuna mini, ni ma ban san dalili ba. Kai ne mai dalili."

Zan tafi ya buɗe baki kamar zai ƙara wani abu. Ya fasa. Ya ce in gaida gida.

Asabar, 27 ga Fabrairu. La'asar sakaliya.

Na gina ɗan murhu a bayan gida irin na Yaya, na kwaso tukar rake buhu uku daga fadama. Na yi kasko na uku, na tsattsaga gindinsa da ƙusa, tsaga kusa da tsaga, mai zurfi, irin wanda Baba Sanda ya ce kada a yi. Sakinatu ce ta riƙa sa tuka, damƙi ɗaya duk sa'ad da na ɗaga hannu, don wutar ta zo daidai.

Mai kaushi irin na Yaya, minti shida.
Mai santsi, minti takwas.
Mai matsattsiyar tsaga, minti tara.

Na sauya wanda ke fara hawa. Na sauya ruwa. Sau shida. Haka dai.

Sai na barbaɗa dusar gero a ruwan don in ga tafiyarsa. Na kwanta rub da ciki a bakin murhu ina leƙe.

A mai kaushi, daga kan kowane tudu wani siririn zare ke tashi, kamar ka hau dutse da sassafe ka hango unguwa, kowane gida hayaƙinsa na miƙewa. Zaren su haɗu a tsakiya, su hau sama, su bazu, su gangara ta gefe, su dawo gindi su ɗebi wani zafin. Ba tsayawa. Ruwan duka yana juyawa, na sama ya sauko, na ƙasa ya hau.

A mai santsi, ruwan sama yana ta kai da kawowa, amma can gindi akwai wani siririn shimfiɗe da ya lafe a jikin ƙarfe, dusar ta kwanta a kansa ba ta motsi. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya ɓalle gaba ɗaya ya taso, ya sake kwanciya.

A mai tsaga kuwa dusar ta shige ramuka ta yi zamanta.

Yana son abin da zai taka ya tashi. Na gani da idona. Ruwa yana da ƙafa.

Lahadi, 28 ga Fabrairu. Azahar.

Shida, takwas. Na sake. Shida, takwas. Ban je Funtuwa ba.

Litinin, 1 ga Maris. Da yamma.

Yau da ruwan rake na gwada, na bar shi ya yi kauri kamar yadda yake yi gab da saukewa.

A mai kaushi sai ɓararraka yake ko'ina daidai, ƙananan ƙwayaye suna fashewa, ƙararsa kamar kasuwa daga nesa. Ma'aunin zafi ya hau ya tsaya wuri ɗaya.

A mai santsi, da ya yi kauri sai ya yi tsit. Samansa ya kwanta lumui kamar an sauke shi, alhali wuta na ci. Na duba ma'auni, ya wuce inda wancan ya tsaya, yana ta hawa. Na sa cokali in motsa.

Ban ga tashinsa ba. Ƙara kawai na ji.

Ɗigo uku suka same ni a bayan hannu, kowane bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Sun manne, na yarfe sun ƙi fita. Na yi ihu kamar yaron goye, Sakinatu ta zo da gudu ta tsoma hannuna a randa. Ɗigo uku, daga kwalba biyu. Nasa kaskon garwa takwas yake ci.

Tana shafa mini man shanu tana cewa, "Ya isa haka, Malam. Don Allah ya isa." Na ce ya isa.

Na ce ba zan rubuta ba. Zan rubuta, hannun hagu ne ya ƙone.

Ranar Talata ina wurin. Na biya bayan an tashi daga makaranta don in ga kaskona yana aiki. 'Yan sari na jira. Yaya ya ce, "Madubin nan naka ya yi barci." Na ce ba barci ba ne, wuta ce ta yi kaɗan. Ya ce in bar wutar haka. Ya juya yana magana da wani. Ni na cusa tukar, runguma uku, da hannuna. Ya juyo, ya ji shirun, ya sunkuya da ludayi.

Shi ke nan.

Laraba, 3 ga Maris. Hantsi.

Baba Sanda ya zo gida da kansa, da sandarsa. Ya ga hannuna, bai tambaya ba. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure. Na ce, "Baba, na auna a wutar maza. Gaskiyarku ce."

Ya ce, "Ba wannan ya kawo ni ba. Akwai maganar da na haɗiye ran Juma'a, ta ƙi wucewa. Na yi ta tunani ko in bar ka da rashin sani, sai na ga ba yaro ba ne kai."

Ya ce kwana uku da kai sabon kasko, Yaya ya same shi a maƙera, ya ce ya zo da guduma da sassafe ya bubbuga masa gindinsa, don abin yana ba shi tsoro. Baba Sanda ya je. Ya ɗaga guduma ke nan Yaya ya riƙe masa hannu.

"Ya ce mini, 'Bari, Sanda. Yaron nan Asabar uku yana gogewa, na ga tafin hannunsa duk ya saɓule. In ya zo ya tarar an bubbuge, a gaban mutanen da ya yi magana, da wane ido zai dube su? Malami ne, da bakinsa yake ci. Bari in lallaɓa abin har rake ya ƙare. Na gane halinsa, wuta kaɗan-kaɗan yake so.'"

Wuta kaɗan-kaɗan.

Baba Sanda ya ce, "Ban faɗa don in ƙara maka ba. Na faɗa don ka san irin wan da gare ka, ka daina tsayawa a taga. Duk garin nan an san a taga kake tsayawa."

Na raka shi bakin hanya. Na dawo na zauna a zaure har aka kira azahar, ban san me na yi tunani ba.

Alhamis, 4 ga Maris. Magariba.

Zazzaɓi ya kama Yaya. Yau likita bai ce a jira ba.

Juma'a, 5 ga Maris. Da safe.

Hutuna ya ƙare jiya. Ban koma ba. Wuta kaɗan-kaɗan.

Asabar, 6 ga Maris. Bayan la'asar.

Ina tsaye a taga sai Hansai ta taso ta zo har inda nake. Ta rame, zanenta har yana zamewa. Ta ce, "Yana nemanka. Ya ce kullum yana jin zuwan kekenka, yana jin ka tsaya, yana jin ka tafi. Ya ce in tambaye ka ko ƙofar asibitin ce ba ka gane ba."

Na shiga.

Ba zan rubuta warin ɗakin ba. Ya ƙanƙance a kan gadon, mutumin da ke ɗaukar dami biyu a kai. Hannunsa na dama kaɗai ke waje. Na durƙusa na kama.

Ya ce, "Maiwada?"

Na ce, "Ni ne, Yaya."

"Sarƙar kekenka tana son mai."

Ya ɗan matsa hannuna, ya ji bandeji. Ya ce, "Kai ma ya cije ka? An ce mini kana can kana ta dafa ruwa a gwangwani. To, wane ne ya ci?"

Na ce, "Naka."

"Da nawa?"

"Minti biyu."

Ya fara dariya, ta zame masa tari, nas ta leƙo. Da ya lafa ya ce, "Minti biyu kacal? Shekara goma sha takwas ina taƙama, ashe a kan minti biyu ne."

Na ce, "Yaya, ni na ƙara wutar."

Ya ce, "Ai na gani. Ta gefen ido na gani, lokacin ina da su."

Ana ta kiran wani a baranda.

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya ce, "Tsaya, kada ka kwashe duka, ba naka ba ne kai kaɗai. Kai ka sa wuta ba ka san halinsa ba. Ni na san halinsa, na ji ya yi shiru, na kai masa fuskata. Kuma da na bar Sanda ya yi aikinsa, da fushin kwana biyu za ka yi ka huce. Na ji tsoron fushinka fiye da kasko, ka ga wautar babba. A raba biyu. Ɗauki rabi, rabin ma zai ishe ka nauyi."

Na kifa goshina a kan hannunsa. Zafin jikinsa kamar dutsen da ya wuni a rana.

Can ya ce, "Ka rubuta abin da ka gani?"

Na ce na rubuta. Ya ce in gaya masa. Na gaya masa zancen dusa, da zaren da ke tashi daga kowane tudu kamar hayaƙin gidaje, da wanda ke lafewa a gindin mai santsi. Ya saurara kamar yaron da ake wa tatsuniya. Ya ce, "Ashe haka yake yi a ciki. Ni da kunne kawai na san shi, ban taɓa gani ba." Ya sake cewa, "Ashe haka yake yi."

Sa'an nan ya ce, "Ka koma makaranta ka koya wa yaran nan. Ka ce Labo ne ya faɗa, Bamaguje, ko bihim bai sani ba. Ka ce kai kuma ka auna."

Ya nemi ruwa. Na ba shi da cokali, cokali huɗu. Hansai tana tsaye a ƙofa. Da zan fita ta matsa mini hanya, ta ce, "Gobe ka zo da wuri."

Lahadi, 7 ga Maris. Magariba.

Na wuni a wurinsa. Bai gane ni ba. Yana ta kiran uwarmu, yana cewa a sauke kasko, ya yi.

Litinin, 8 ga Maris.

Ƙarfe tara da kwata na safe.

Talata, 9 ga Maris. Da yamma.

An binne Yaya a bayan gida kusa da ubanmu. Tsofaffi sun yi nasu irin na kakanni, ban hana ba, ban kuma matsa gefe ba. Wani abokina ya ja ni waje ɗaya yana so ya gaya mini abin da ya halatta gare ni da abin da bai halatta ba. Na ce masa ya bari sai gobe. Ni na shiga ramin na karɓi kansa. Ya ɗauke ni mil huɗu. Ni taku goma sha biyu na ɗauke shi, na ƙirga.

Alhamis, 11 ga Maris. Azahar.

Na koma aji. Na rubuta kwanan wata a allo, na juyo, yara talatin da biyu suna kallona. Na ce su buɗe littafin lissafi.

Ba yau ba.

Asabar, 13 ga Maris. Hantsi.

Hansai ta aiko in zo in taya ta kwashe kayan fadama kafin su lalace. Na tarar da ita tana tattara tasoshin da ake zuba mazarƙwaila. Ta ce in kwanto dokin Yaya in kai shi rafi, tun ran nan yana ɗaure a gida, ba mai kula da shi sai dai a jefa masa harawa.

Wani tsohon akawal ne. Shi ke juya injin matse rake, a ɗaura masa doguwar sanda a wuya ya yi ta zagaye tun safe har azahar. Na jawo shi, ya sha ruwa, na sake masa igiya don ya ɗan yi kiwo.

Bai kula ciyawa ba. Ya haura tudu shi kaɗai ya nufi injin, ya shiga da'irar da kofatonsa suka haƙa shekara da shekaru, ya sunkuyar da kai ya fara zagaye. Ba sanda a wuyansa, ba rake a injin. In ya zo daidai inda Yaya ke tsayawa ya miƙa masa guntun rake, sai ya rage tafiya, ya juyar da kai, ya jira kaɗan. Sa'an nan ya ci gaba.

Na tashi zan kamo shi. Hansai ta riƙe mini bakin riga.

Ta ce, "Ƙyale shi. Shi ba wanda ya gaya masa."

Na koma na zauna kusa da ita a kan kututture. Muna nan zaune har rana ta take tsaka, yana ta zagaye.